Lafiyar Fata Da Hanyoyin Kula Da Ita

Fata ita ce gaɓa mafi girma a jikin ɗan Adam, domin faɗinta a jikin baligi ya kusa murabba'in mita 2. Tana da hawa uku: na waje, wanda yake sabunta kansa kusan kowane mako huɗu; na tsakiya, inda jijiyoyin jini da tushen gashi da mafitar gumi suke; sai na ƙasa mai ɗauke da kitse. Ita ce take hana ƙwayoyin cuta shiga jiki, take sanyaya shi ta hanyar gumi, kuma take samar da bitamin D idan rana ta taɓa ta.

Yadda Ake Gane Lafiyayyar Fata

Lafiyayyar fata ita ce mai laushi, wadda ba ta da tsaga, gyambo ko ƙaiƙayi, kuma tana jin taɓi a ko'ina. Hasken fata ba shi ne alamar lafiya ba. Launin baƙi yana samuwa ne daga wani sinadari mai suna melanin, wanda yake kare jiki daga illar zafin rana. Saboda haka ne zabiya, waɗanda suke da ƙarancin wannan sinadari, suke buƙatar malafa da riga mai dogon hannu, domin kauce wa kansar fata.

Kulawa A Kowane Yanayi

Lokacin hunturu iska takan busar da fata, ta kawo kaushi da faso da tsagewar leɓe. A yi wanka da ruwa mai ɗumi, a kuma shafa man kaɗanya ko basilin tun jiki yana da danshi. Da bazara a yawaita shan ruwa, a sanya tufafin auduga marasa nauyi don rage ƙurajen zafi, musamman ga jarirai. Da damina manoma su wanke ƙafafu su tsane tsakanin yatsu bayan dawowa daga gona. Wanda ya yi feshin maganin ƙwari ya yi wanka da sabulu nan take, ya canja tufafi.

Idan aka ƙone, a zuba ruwa mai sanyi a wurin har tsawon minti 20, sannan a tafi asibiti. Kada a shafa man goge haƙori, ɗanyen ƙwai ko baƙin mai.

Illar Man Bilicin

Da yawa daga cikin mayukan canja launi suna ɗauke da zaiba ko magunguna masu ƙarfi da ake kira sitiroyid. Waɗannan suna sa fata ta yi siriri, rauni ya daɗe bai warke ba, zaiba kuma tana iya lalata ƙoda. A shekarar 2019 hukumar NAFDAC ta fitar da ƙa'idojin da suka haramta sanya irin waɗannan sinadarai a cikin kayan shafa. Ana jan kunnen iyaye da kada su shafa wa yara.

Lokacin Zuwa Asibiti

A garzaya asibiti idan aka ga ƙaiƙayi mai tsanani da dare wanda ya kama mutanen gida, domin alamar ƙazwa ce, kuma sai an yi wa kowa magani tare. Haka nan makero a kan yara, ko gyambon da ya ƙi warkewa. Tabo mai haske wanda ba ya jin taɓi yana iya zama farkon kuturta. Cutar tana warkewa cikin wata 6 zuwa 12, kuma tun shekarar 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya take samar da maganinta kyauta. Jinkiri shi ne yake kawo nakasa.

Ana kira ga hakimai, dagatai, masu unguwanni da jami'an lafiya na ƙananan hukumomi da su isar da wannan bayani ga jama'arsu. Rigakafi ya fi magani.