Tarihin Biskit ɗin Tsala a Gidajen Kudancin Amurka

Abin da mutanen kudancin Amurka ke kira biskit ba shi ne busasshen nan mai zaƙi da ake sayarwa a leda ba, wani ƙaramin burodi ne mai laushi wanda ake kwaɓawa da garin alkama da mai da gishiri da tsala, wato nonon da aka kaɗa aka cire masa man shanu, a gasa shi cikin ɗan lokaci a ci da zafinsa. Iyalai da yawa a jihohin Tennessee da Kentucky da Georgia suna ɗaukar hanyar yin sa gadon kaka da kakanni, amma tarihi ya nuna cewa bai daɗe da zama abincin talaka ba.

Kafin yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, masara ce abincin yau da kullum a kudu, alkama kuwa tsadarta ta sa sai gidan mai hali ko ranar Lahadi ake ganin ta. Biskit ɗin wancan zamani, musamman a Maryland da Virginia, na duka ne: ana jibgar kwaɓin da taɓarya ko ƙotar gatari na tsawon rabin sa'a ko fiye, har iska ta shige shi ya yi santsi. Wannan aiki mai gajiyarwa a wuyan bayi mata baƙaƙen fata yake, kuma ba adalci ba ne a ba da labarin abincin a tsallake su, domin laushin da ake yabo a teburin maigida guminsu ne. Abby Fisher, wadda aka haifa cikin bauta, ta sa irin wannan biskit a littafin girkinta da aka buga a San Francisco a 1881.

Ilimin sinadarai ne ya sauƙaƙa wannan wahala. Tun ƙarshen ƙarni na 18 ana amfani da gishirin da ake tacewa daga tokar itace don tayar da kwaɓi, sai dai yakan bar ɗaci. A 1846 Austin Church da John Dwight suka fara sayar da bekin soda, sinadarin da ke da dangantaka da kanwa, wanda idan ya haɗu da abu mai tsami yake fitar da iskar da ke kumbura kwaɓi nan take. A nan ne tsala ta samu daraja, domin kusan kowane gidan gona mai saniya yana kaɗa nono, kuma a zafin kudu, kafin zuwan firji, tsala ta fi madara jimawa ba ta lalace ba. Tsaminta yana tayar da sodar, yana kuma ƙara wa kwaɓin taushi, ta haka abin da ake ɗauka saura ya zama ginshiƙin girkin. Eben Horsford na jami'ar Harvard ya yi rajistar wani sinadari mai tsami a 1856, wanda ya buɗe hanyar bekin foda, hodar da ta haɗa soda da tsaminta wuri guda.

Saura gari, shi ma ya yi arha a ƙarshen ƙarni na 19 saboda sababbin injinan niƙa da jiragen ƙasa. Kamfanin White Lily, wanda aka kafa a Knoxville a 1883, ya yi suna da garin alkama mai ƙarancin furotin, wanda ba ya yin danƙo sosai, shi ya sa biskit ɗinsa ke fitowa sakayau. Man da aka saba sawa a da kitsen alade ne, daga baya daskararren man Crisco da ya fito a 1911 da man shanu suka maye gurbinsa a gidaje da dama.

Abin da iyali ke gada, in an duba, ba jerin kayan haɗi ba ne, tunda kusan ɗaya suke a ko'ina, hannu ne. Uwa takan ajiye gari a babban akushi, ta yi rami a tsakiya, ta murtsuke mai da yatsu yana da sanyi, ta zuba tsala ba tare da awo ba, ta daina juyawa da zarar kwaɓin ya haɗe, domin yawan murza yana taurara shi. 'Ya tana koyo ne da kallo, shi ya sa takardun da jikoki suka rubuta daga baya sukan kasa ba da irin ɗanɗanon da aka sani. A 1931 Lively Willoughby na Louisville ya yi rajistar kwaɓin da ake sayarwa cikin gwangwanin kwali a firji, tsalar kasuwa kuma ta koma madarar da ake tsamama a masana'anta, don haka mai bin takardar kakarsa a yau yana aiki ne da nonon da ya bambanta da wanda ta sani.