Turanci Daga Baya Ya Zo: Malaman Mishan a Ƙasar Pauwa

In ka ce wa yaron yanzu makarantar mishan, abin da zai faɗo masa a rai shi ne Bature tsaye gaban allo yana koya wa yara Turanci. A ƙasarmu, daga Ƙanƙara ta Sarkin Pauwa zuwa Faskari har Sabuwa, ba haka abin ya faro ba. Ni jikan Bamaguje ne. A hannun mai bishara na fara haɗa baƙi, kuma aikin malanta na yi har na ajiye alli. Turawan mishan da suka taɓa taka ƙauyenmu ba su da yawa, cikinsu kuwa babu wanda ya koya mini ko kalma guda ta Turanci.

Da farko ma ƙofa a rufe take. A 1900 wata tawagar mishan ta C.M.S. ƙarƙashin Bishop Tugwell ta isa Kano, Sarki Alu ya sallame su ba shiri. Bayan an ci Sakkwato a 1903, Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa musu addini ba, kuma Razdan-Razdan da suka biyo baya suka riƙe wannan alkawari gam, don zaman lafiyar mulkinsu ya dogara a kansa. Saboda haka shekara talatin da wani abu ƙasar Katsina ba ta ga makarantar mishan ba, alhali gidajen Maguzawa na nan birjik a kudancinta.

Mutum ɗaya ne ya sami kafa, wato Likita Mila, wanda ke cikin waccan tawaga da aka kora. Ya zauna cikin birnin Zariya daga 1905, sai a 1929 aka mayar da aikin Wusasa. Shi kam Turanci ya koyar, bai ɓoye ba, don burinsa ya fitar da 'yan Arewa da za su zauna kujera ɗaya da Bature. Ya kuwa fitar. Daga wannan zuriya ta Wusasa aka sami Dakta Barau Dikko, likitan farko na Arewa, da Farfesa Ishaya Audu da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966, da Janar Yakubu Gowon. To amma Wusasa 'yar ƙaramar unguwa ce a gindin dutse. Manomin Pauwa bai ma san da ita ba.

Mu ta hannun S.I.M. abin ya iso mana, ƙungiyar da Bingham da Gowans da Kent suka faro a 1893, biyu daga cikinsu suka mutu tun ba a je ko'ina ba. Kuturta ce ta buɗe musu ƙofa. En'e na da zangunan kutare amma ba ta da ma'aikatan da za su jure aikin, sai a 1937 aka damƙa wa S.I.M. kula da na Kano da Sakkwato da Katsina, na Katsina shi ne Babbar Ruga, zamanin Sarki Dikko. An gindaya musu sharuɗɗa: ba wa'azi a kasuwa, ba wa'azi kusa da masallaci. Daga nan suka yi tashoshi a wurare irin su Matazu da Malumfashi, kuma Malumfashi ce ta zame mana cibiya. Can ake zuwa karɓar magani da sayen littafi, can kuma ake horar da masu bishara a tura su ƙauyuka.

Abin da ya kawo su shi ne mutum ya iya karanta Littafi Mai Tsarki, wanda ya fito cikakke da Hausa a 1932. Da zarar ka iya karanta Markus da Yohanna, ka iya rubuta wasiƙa, a ganinsu buƙata ta biya. Turanci kuwa tsoronsa suke yi. Sun ga yadda a Kudu yaro ke koyonsa ya tsere Ikko neman aikin akawu, ya bar gona ya bar majami'a. Gwamnati ma ra'ayinta ke nan, bisa nata dalili: tun makarantar Ɗan Hausa ta Nasarawa a Kano, 1909, da Hausa ake karantarwa, Turanci sai an hau sama, sai 'yan ƙalilan da aka zaɓa wa Kwalejin Katsina bayan buɗe ta a 1922. Sarakuna kuma ba su ƙi a bar talaka da harshensa ba. Ɓangare uku da ba sa shan inuwa ɗaya, kan wannan magana bakinsu ya zo ɗaya.

Wanda ya ɗauki nauyin aikin a zahiri shi ne mai bishara, kuma shi ne tarihi ya fi mantawa da shi. Bahaushe ne ko mutumin kudancin Zariya, wani ma tsohon majinyaci ne da ya warke a Babbar Ruga ya fito da karatu. Tun 1948 Kiristocin ƙasa suka kafa ƙungiyar aika nasu masu bishara, wadda ta zama E.M.S., sannan ekklesiyar ECWA ta tsaya da ƙafarta a 1954. Mutum zai zo da matarsa da akwatin ƙarfe da fitilar ƙwai, mai gida ya yanka masa gona, a taru a yi masa ɗaki. Albashinsa bai taka kara ya karya ba, wani wata ma babu. Da damina yana gona kamar kowa. In an gama girbi sai aji ya kankama: yara da hantsi, manya da dare, matarsa kuma ta tara mata da la'asar. Ƙasa ce allon farko, yatsa ne alƙalami, sai daga baya a sami katako a shafa masa gawayi. Daga "ba, be, bi, bo, bu" a shiga Ka Koyi Karatu, wanda ya sauke shi a ba shi Bishara.

Kada a ɗauka iyayenmu sun tarbi abin hannu bibbiyu. Bamaguje mutum ne mai ƙaton gida, mai matan aure da 'ya'ya da jikoki duk a gandu ɗaya, kuma ƙarfin gandu yawan hannu. Yaron da ya tafi aji an rasa mai kiwon awaki. Ga kuma abin da ya fi wannan: ya san mai bishara zai hana giya, zai hana yanka wa iskoki, zai ce mace ɗaya. An ba ni labarin yadda kakana ya amsa wa mai bisharar ƙauyenmu ran da ya zo roƙon a ba shi yara.

"Malam, karatun naka nawa ne?"

"Baba, ai kyauta ne."

"Kyauta? Malam, kowa ya ci ladan kuturu ai sai ya yi masa aski. Faɗa mini askin tun yanzu."

Bai yi ƙarya ba, akwai askin. Abin da ya karya masa wuya takarda ce. Tun da jirgin ƙasa ya ratsa Funtuwa ya nufi Gusau, auduga ta zama kuɗin ƙasarmu, kuma a kasuwar auduga malamin awo ne ke duba sikeli ya rubuta, kai naka ido. Haka rasit na haraji, haka na jangali. An sha karɓar haraji sau biyu a hannun wanda bai san abin da ke cikin takardarsa ba. Sai dattawa suka yi dabara: a ba Malam yaro ɗaya, galibi wanda bai da ƙarfin noma, ya zame wa gida ido. Mahaifina ta haka ya shiga aji, don shi ne ramamme cikin 'yan'uwansa.

Neman Turanci daga wajenmu ya taso. Cikin shekarun 1950, ana Yaƙi da Jahilci, ana karanta Gaskiya Ta Fi Kwabo da jaridar Himma ta lardin Katsina, karatun Hausa ya daina zama abin mamaki. Kowa ya lura cewa malamin asibiti da malamin gona da ɗan sanda, duk mai ɗaukar albashi, da Turanci ya samu. Iyaye suka fara ce wa mishan, in makaranta ce a yi ta sosai, mai aji-aji da jarrabawa. Ana cikin haka sai ga 'yan Katolika: a 1953 aka ba Fadannin Dominikan na Amurka yankin Sakkwato da Katsina, suka kafu a Gusau da Funtuwa da Malumfashi, inda daga baya suka buɗe makarantar horar da katikis. Su ba su da wata fargaba game da Turanci, ba su kuma tsananta kan giya ba, wanda ya yi wa dattawan Maguzawa daɗi ƙwarai. Gasa ta tashi. A ganina wannan gasa ta yi wa yaran ƙauye amfanin da wa'azin kowane ɓangare bai yi musu ba, don ita ta tilasta wa kowa ya gina firamare ta gaske.

Yadda aka koya mana Turancin kuwa, Allah ya jiƙan malamanmu, haddar tsiya ce. Malam ya faɗa, aji ya amsa. Daga aji uku ko huɗu aka hana Hausa a harabar makaranta, wanda aka kama ya sha bulala ko a rataya masa alama a wuya har sai ya kamo wani. Mun iya zayyano dokokin nahawu tiryan-tiryan, amma in baƙo ya yi mana tambaya sai mu sunkuyar da kai. Yawancin malaman daga Kudu suke ko Filato ko kudancin Zariya. Matasan Amurka 'yan sa kai na Peace Corps, da suka fara zuwa Nijeriya a 1961, manyan makarantu aka kai su, ba su iso irin namu ba. Rikicin 1966 ya kwashe malamai 'yan Gabas cikin 'yan kwanaki, ajujuwa suka zauna ba kowa. A farkon shekarun 1970 gwamnatin Jihar Arewa ta Tsakiya ta karɓe makarantun mishan, aka sauya musu suna. Sai bautar ƙasa a 1973, sai shirin firamare na U.P.E. a 1976, wanda ya cika aji da yara kafin a tanadi malamai. A lokacin ne irinmu muka shiga aikin, wasu da horo na 'yan watanni kawai.

Akwai ƙasar da aka bi ta ɗaya hanyar, wato aka sa Turanci a gaba. A Tailan, ƙasar mabiya Buddha, 'yan mishan na Amurka sun isa tun shekarun 1830, irin su Likita Bradley da ya sauka Bankok a 1835 ya kafa maɗaba'a. Yarima Mongkut ya koyi Turanci a hannun wani ɗan mishan mai suna Caswell kafin ya hau sarauta a 1851. Ya kwashi harshen da ilimin taurari, addinin kuwa ya bar musu kayansu. Har gobe matasan majami'u daga Amurka da Koriya na zuwa can aikin sa kai na koyar da Turanci, amma Kiristocin ƙasar ba su wuce kamar ɗaya cikin ɗari ba. Mu ma mun ga irin haka. 'Ya'yan Musulmi da yawa sun yi makarantun mishan a Funtuwa da Zariya da Kano, suka fito da Turancinsu da sallarsu. Inda bishara ta kama ƙasa a wajenmu, da Hausa ta kama, ta bakin mutumin da ya yi noma tare da mutane, ya je jana'izarsu, matarsa ta karɓi haihuwar matansu. Duk mai shirin zuwa ya yi wata uku yana koyar da Turanci da fatan ya juya zukata, ya san wannan tun kafin ya sayi tikiti.

Fargabar tsofaffin Turawan nan kuwa ta tabbata. Duk wanda Turanci ya zauna masa a baki ya bar ƙauye. Muna da likitoci da lauyoyi da hafsoshi a Kaduna da Abuja, kuma a 2023 ɗan yankin Malumfashi, Gerald Mamman Musa, ya zama Bishop na farko na sabon dayosis ɗin Katolika na Katsina. Abin alfahari ne. Sai dai gandu ya watse, kuma Maguzanci kansa ya kusa ƙarewa: wasu gidaje sun musulunta tun rangadin Sardauna na shekarun 1960, wasu sun shiga majami'a, sau da yawa wa da ƙane kowa ya kama nasa, ana kuma zuwa bikin juna. Ban ce a koma jiya ba. Amma na ga takaicin tsoho da ya sayar da sa ya biya kuɗin makaranta, ɗan ya dawo hutu yana jin kunyar yi masa Hausa gaban abokai.

Yau matsalar ta wuce ta wane harshe. Tun daren 11 ga Disamba 2020, da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, duniya ta ji sunanmu, amma mu mun daɗe da sanin halin da ake ciki. Ƙauyuka da dama na Faskari da Sabuwa da yammacin Ƙanƙara sun tashi, Musulmi da Kirista ba wanda aka ƙyale. Ba Baturen da zai zo, ɗan bautar ƙasa ma yana ganin sunan ƙaramar hukumar zai fara neman sauyi. Yaran da suka yi gudun hijira zuwa Funtuwa da Malumfashi da cikin garin Ƙanƙara, akwai 'yan shekara goma sha biyu a cikinsu da ba su iya rubuta sunansu ba, da Hausa balle da Turanci.

Don haka kirana ga 'ya'yan ƙasar nan da suka yi karatu ne, na majami'a da na masallaci. Mai hutu ya zo ya ɗauki aji, ko a zauren wani ne, wanda ba zai iya zuwa ba ya biya alawus ɗin malami guda. A fara musu da karatun Hausa har ya zauna, sannan a ɗora Turanci, kamar yadda tsarin ilimi na ƙasa ya tanada a 1977 aka ƙi bi. Sannan tsofaffin masu bishara da matansu da suka rage a raye, a je da waya a ɗauki maganarsu bana, don yawancinsu sun haura tamanin.