Salvador, birnin Bahiya mai hawa biyu

Hawa biyu Turawan Fotugal suka yi wa Salvador da suka kafa ta a 1549, ƙarƙashin gwamna Tomé de Sousa. Fada da coci-coci suka ɗora a kan tudu, kasuwa da tashar jiragen ruwa kuwa suka bar su ƙasa a bakin teku. Ita ce hedikwatar Birazil ta farko, har 1763 da mulki ya koma Rio de Janeiro. Yau mutanenta sun haura miliyan 2, kuma yawancinsu jinin Afirka ne.

Mai yawon buɗe ido yakan fara da lif ɗin Lacerda, wanda aka buɗe a 1873. Daga gaban kasuwar Mercado Modelo zai ɗauke ka, kafin ka gama gyara tsayuwa ya dire ka sama, tsayin mita 72. Sauran tafiyar ta ƙafa ce zuwa Pelourinho, tsohuwar unguwar da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1985. Gidajen bene ne masu fenti shuɗi da rawaya da ruwan hoda, titunan na duwatsu, ga gangara, don haka a nemi takalmi mai riƙe ƙasa. Da rana ake zuwa, kuma a adana waya, domin 'yan fizge ba sa rasuwa inda baƙi suka taru.

Tsaya wajen ɗaya daga cikin matan nan masu fararen kaya da ɗankwali da tsakiya a wuya. Wake ta surfa, ta markaɗa da albasa da gishiri, ta buga ƙullun da muciya har ya tashi, tana sakawa cikin manja mai tafasa. Ƙosai ne, ba ko shakka, sai dai ya fi namu girma. Acarajé suke kiransa. Za ta tsaga shi da wuƙa, ta cusa masa yaji da busasshen jatan lande da wata miya mai kauri mai suna vatapá, ta miƙo maka cikin takarda. A gidajen abinci kuma akwai arroz de hauçá, shinkafa da busasshen nama, wadda har yau take amsa sunan Hausawa.

Sunan nan ba da daɗi ya ƙetare teku ba. Arzikin da ya gina benayen, ya lulluɓe cocin São Francisco da ruwan zinariya, daga gonakin rake da taba ya fito, kuma bayi ne suka noma su. Bayan ɓarkewar jihadi a 1804, fursunonin yaƙi daga ƙasar Hausa suka riƙa faɗawa hannun fataken bayi, aka sauke da yawansu a Bahiya. Ba su zauna lafiya da ƙangin ba. A 1807 aka bankaɗo shirinsu na tawaye, a 1814 kuma suka tashi a wuraren kamun kifi na Itapuã.

Tawaye mafi girma shi ne na daren 24 zuwa 25 ga Janairun 1835, a ƙarshen watan azumi. Musulmi wajen 600, galibinsu Yarabawa tare da wasu Hausawa, suka fito da fararen riguna da layu a wuya. An riga an kai ƙararsu, don haka suka fara kafin lokacin da suka tsara. A Água de Meninos sojojin doki suka murƙushe su. Aka yi wa wasu bulala, aka kori wasu zuwa Afirka, aka harbe huɗu a filin Campo da Pólvora. Cikin waɗanda aka kama akwai Dandará, Bahaushe mai fataucin taba, wanda yake koyar da karatu. Takardun Larabci da aka ƙwace daga jikinsu suna ajiye a ma'ajiyar tarihi ta jihar Bahiya, kuma masanin tarihi João José Reis ya yi aiki mai zurfi a kansu. Bauta kuwa ba ta ƙare a Birazil ba sai 1888.

Yana yi mini ciwo a ce Bahaushe ya je Salvador ya ɗauki hoto a Pelourinho ya dawo bai san wannan ba. Campo da Pólvora yanzu tashar jirgin ƙasa ce ta cikin gari, gefen babbar kotu, kuma daga tsohuwar unguwar ana iya takawa zuwa can da ƙafa.