Daga Handil Zuwa Rimot: Tarihin Makullin Mota da Abin da Ya Shafi Marubuci



A wani zaman karatu da muka yi kwanakin baya, an karanta mana labarin wani ɗan uwa sabon shiga. Labarin ya yi daɗi ƙwarai. Ya gina shi ne a lokacin da Turawan Italiya ke aikin madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka kammala a 1978. Ana cikin tafiya sai ga wani ɗan kwangila ya fito daga ofis, ya danna rimot, motarsa ta yi ƙara ta buɗe. Wani dattijo a cikinmu, tsohon direba, ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, a wannan shekara ko a ƙasar Turawan ba a fara sayar da mota mai rimot ba." Daga nan hankalin masu sauraro ya bar labarin ya koma kan makulli. Shi ya sa muka ga ya dace mu bi tarihin wannan ɗan ƙaramin abu.

Motocin farko ba makulli ke tada su ba. Handil ake zurawa ta gaba, a murza da ƙarfin damtse har inji ya kama. Duk wanda ya tashi kusa da injin niƙa na da, ya san yadda handil ke juyowa ya bugi hannu in an yi sakaci. A 1912 kamfanin Cadillac na Amurka ya fito da mota mai tashi da lantarki, amma duk da haka aikin ya kasu biyu: makulli ya ba da wuta, sannan a danna wani maɓalli ko a taka shi da ƙafa. Sai a 1949 kamfanin Chrysler ya haɗa su wuri guda, wato a murɗa makulli mota ta tashi, kamar yadda muka saba gani.

Wannan makulli na ƙarfe zalla shi ne iyayenmu suka fi sani, musamman bayan da aka fara harhaɗa Fijo a Kaduna a 1975. Sirrinsa duka yana jikin haƙoransa. In aka zura shi, haƙoran su ɗaga wasu 'yan ƙarafa da ke cikin ramin, in sun daidaita sai ya murɗu. Saboda haka duk abin da ya same shi, gyaransa na kusa. Mai yankan makulli a bakin kasuwa zai kwafe shi cikin 'yan mintuna. In ya ɓata, mai wayarin zai haɗa wayoyi a tashi. In batir ya yi sanyi, yaran tasha su tura, direba ya saki kuloci. Sai dai sauƙin da mai mota ya samu, shi ne ɓarawo ma ya samu. Makullin da ya sha jiki har haƙoransa suka cinye yakan buɗe motar da ba tasa ba. Daga nan mutanenmu suka shiga dabaru: kwaɗo a sitiyari, sarƙa a feda, da ɓoyayyen makunni a ƙarƙashin kujera mai yanke mai.

Rimot ya shigo ne a 1982, a motar Renault Fuego ta Faransa. Na farkon da haske marar ganuwa yake aiki, irin na rimot ɗin talabijin, sai an matso kusa an saita shi. Daga baya aka koma siginar rediyo, wadda ke aiki daga nesa. Da ɓarayi suka koyi naɗar siginar su maimaita, sai aka sa lambar ta riƙa canzawa duk dannawa. Abin lura a nan shi ne, rimot na wancan zamani ƙofa kawai yake buɗewa. Tada mota har lokacin aikin ƙarfe ne.

Babban canjin ya zo ne da aka ɓoye sirrin a cikin robar kan makulli. Kamfanin General Motors ya gwada wani salo a motar Corvette a 1986, amma wanda ya zauna shi ne na tsakiyar shekarun 1990: wani ɗan ƙwayar lantarki kamar ƙwayar shinkafa, ba ya buƙatar batir. Wani zobe da ke bakin ramin makulli ne ke ba shi wuta, shi kuma ya amsa da lambarsa. In ƙwaƙwalwar mota ta gane lambar sai ta saki mai da wuta, in ba ta gane ba ta hana. Ƙasar Jamus ta wajabta wannan tsari a kan sababbin motoci daga 1998. Mu kuwa ya iso mana ne a hankali, ta hanyar motocin Baljiyam da ake shigowa da su ta Kwatano. A lokacin ne masu mota suka fara gamuwa da abin mamaki: a yanko makulli daidai da na asali, ya buɗe ƙofa, ya murɗu, inji ya yi ta juyi amma ya ƙi kamawa. Tura ma ba ta magani.

A ƙarshen shekarun 1990 Marsandi ta fito da wani sabo a babbar motarta S-Class, wanda ba a ma fito da shi daga aljihu. Mota ce ke neman makullin da sigina, in yana kusa ƙofa ta buɗe, in yana ciki a danna maɓalli ta tashi. Yanzu har an kai ga waya: Tesla ta mayar da wayar hannu makullin motarta Model 3 a 2017, Apple da BMW suka yi irin nasu a 2020.

In muka dubi wannan tafiya, za mu ga abu guda ne ke faruwa. Sirrin mota ya tashi daga ƙarfen da ido ke gani, ya koma lambar da kwamfuta kaɗai ke karantawa. Wannan ya wahalar da ɓarawo, amma ya nisanta mai mota da mai gyaransa. Mu ɗauki mutumin Garbadu da ya zo cin kasuwar Talata a Mafara, makulli ya faɗi cikin cinkoso. Da Fijo ce, kafin la'asar ya kama hanya. In mota ce mai lamba, kuma guda ɗaya tak aka ba shi ranar da ya saya, kamar yadda aka saba a cinikin motar hannu, to sai an nemo mai na'urar da zai koya wa motar sabon makulli. Sau da yawa hakan na nufin Gusau ko Sakkwato, wani lokaci har Ƙofar Ruwa a Kano. Mu da muke bin hanyoyin nan mun san abin da ake nufi da magariba ta riski mutum a wajen gari.

Ɓarawo ma bai zauna ba, kowane allazi da nasa amanu. Mutum biyu kan haɗu, ɗaya ya tsaya kusa da inda makullin aljihu yake, ɗaya kusa da mota, su miƙa wa juna siginar da na'ura, motar ta ɗauka mai ita ne ya zo. Ga kuma abin da masu mota da yawa ba su sani ba: cikin yawancin irin wannan makulli akwai siririn ƙarfe a ɓoye na buɗe ƙofa, kuma in ɗan batirinsa ya mutu, a motoci da dama kara shi a jikin maɓallin ya isa ta tashi.

To ina ruwan marubuci? Makullin da muka sa a hannun tauraronmu yana faɗa wa mai karatu shekarar da ake ciki, da ƙarfin aljihun mutumin, tun ba mu ce komai ba. Mu kuma tuna shekarar da aka ƙera abu a Turai daban take da shekarar da ya iso tashar Mafara, don yawancin motocinmu sai sun tsufa a can suke zuwa nan. Haka nan makulli na iya rushe mana labari. In jaruminmu zai tsere da motar zamani ta hanyar haɗa wayoyi, duk bakaniken da ya karanta zai ajiye littafin. In kuwa mun san yadda abin yake, wannan ƙin tashin shi kansa ya ishe mu babi guda. Ko a baki akwai bambanci: direba a tasha "ki" zai ce, malami ya ce mabuɗi, sauranmu mu ce makulli.

Shi wancan ɗan uwa ya gyara labarinsa. Yanzu ɗan kwangilar makullan ƙarfe yake kaɗawa a yatsa, direbansa na goge gilashin 504. Kafin mu rubuta mota a labari, mu samu tsohon direba ko mai wayarin mu zauna da shi, mu tambaye shi motar da ya fara taɓawa da yadda ake tada ta.

Allah Ya ƙara mana basira. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.