Daga Gummi Zuwa Anka A Kan Keken Babana

Kwanakin baya ina zaune ina gyaran wani littafi da nake rubutawa, sai ɗana na biyu ya ɗauki takardun yana dubawa. Da ya zo wurin da tauraron labarin ya hau keke daga Gummi zai tafi Anka shi kaɗai, da kuɗin sadakin yayansa a jikinsa, sai yaron ya tuntsire da dariya ya ce, "Baba, wannan kam ba mai yarda. Ka sa shi a mota mana, ko ka haɗa shi da rakiyar sojoji." Na ce masa ai ba ƙirƙira na yi ba, ni ne na yi wannan tafiya a shekarar 1998. Sai ya yi mini irin kallon da ake yi wa mai tatsuniya. Wannan kallo shi ya sa na ajiye littafin na ɗauko wannan rubutu.

Bari mu fara da shi keken. Irin wanda muka sani, mai taya biyu kai ɗaya da kaca, a garin Coventry na Ingila aka fito da shi a 1885, bayan shekara uku kuma Dunlop ya kawo tayar da ake yi wa iska. Tun kafin haka ma, a 1878, mutanen Ingila sun kafa ƙungiyar masu yawon keke. Har gobe Bature yakan fita daga ƙauyensu ranar hutu, ya bi ƙananan hanyoyi tsakanin gonaki da makiyayar tumaki, ya sha shayi a ƙauyen gaba, ya juyo gida, ba saƙo ba kasuwa. Mu kuwa keke bai zo mana don shan iska ba, aiki ya zo yi.

Kafin zuwansa jaki da takarkari da raƙumi ke da hanya, doki kuma na sarauta ne. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, Anka da Gummi da Bukkuyum suka zama gundumomi a ƙarƙashin En'e ta Sakkwato, kuma ma'aikatanta su ne tsofaffinmu suka fara gani a kan dokin ƙarfe, wato malamin haraji da malamin daji da duba-gari da masinja. Saboda haka ƙararrawar keke a farkon lamari ba abin murna ba ce, in an ji ta a ƙofar gari kowa sai ya tuna bashin da ke kansa. Talaka bai kai ga keke ba sai da jirgin ƙasa ya iso Gusau da Ƙauran Namoda a 1929, auduga da gyaɗa suka zama kuɗi, aka kafa injin gurzar auduga a Gusau da Mayanci, kantunan Turawa irin su UAC da John Holt suka jera kekuna suna jiran kaka. Har lasin ake yanka masa, wanda ba shi da shi kuwa ya haɗu da ɗan doka.

Sarkin kekuna shi ne Raleigh na garin Nottingham, wanda muke ce wa Rale, har daga baya kamfanin ya buɗe masana'anta a Kano. Phoenix na ƙasar Sin da Hero na Indiya sun fi arha, amma mai Rale ba ya jera kekensa da nasu. Babana, Allah Ya jiƙansa, da kuɗin auduga ya sayi nasa a 1976, shekara biyu bayan babban farin nan ya lafa. Baƙi ne wuluk, ya naɗe ƙarafansa da leda mai launi don kada fenti ya goge, in hadari ya haɗo kuwa keken ake fara shigarwa ɗaki kafin shanya. Wannan keke ya kai buhun shinkafa kasuwa, ya kai mai naƙuda asibiti, ya je zance a madadin samarin unguwarmu da ba su ƙirguwa. Mu 'ya'yansa dai goge shi ne namu, hawa sai a mafarki.

Don haka ranar da ya kira ni bayan na gama sakandare, ya ce in kai wa Kawu saƙo Anka, kuma in tafi da Rale, sai da na sake tambaya ko kunnena ne. Akwai mota, ba wai babu ba. Amma yana so in biya ta Bukkuyum in gai da gwaggona, kuɗin mota biyu kuwa a ganinsa almubazzaranci ne. Innarmu ta ɗinke kuɗin a cikin ƙugun wandona, aka ɗaure mini famfo da kayan faci da ƙunshin ƙuli-ƙuli a kariya.

Na fita bayan sallar asuba, lokacin hunturu ne, an gama girbi. Duk wanda bai san wannan yanki ba yana ɗauka Zamfara daji ce da duwatsu. To yammacinta ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai sauƙin kai, Gulbin Zamfara ya ratsa ta daga Anka ya bi ta Bukkuyum ya sauka Gummi, Gulbin Ka kuma yana can kudu. Ga fadamar shinkafa da albasa, ga duma kwance a gonaki ana jiran fafe ƙwarya, ga rumbuna cike har da ɗorawa. Hawa ba ya gajiyar da kai, gangara ba ta ba ka tsoro. Abin da ke wahalar da mai keke biyu ne kawai, yashi da ƙaya. Tafiyar ba ta wuce kilomita ɗari da 'yan kai ba, mai gaggawa zai yi ta a yini guda, ni kuwa kwana uku na yi, kuma ban ga laifina ba.

A Ɗaki Takwas, inda hanyar Zuru ta rabu, na sha koko da ƙosai. Daga nan rawar kai ta sa na bar kwalta na bi hanyar ƙasa da wani mai jaki ya ce ta fi kusa. Rana na yin tsaka ƙaya ta huda tayar baya. Na yi faci, ta sake sacewa, na kuma yi, gam ya ƙare. Haka na tura keke har wata ruga. Wata dattijuwa ta dama mini fura da nono a ƙwarya ta ƙi karɓar ko kwabo, jikanta kuma ya raka ni har wata tunga, inda aka ce akwai mai gyara. Shi mai gyaran kallo ɗaya ya yi wa keken ya ce, "Wanga Rale ba naka ba na, na tsoho na. Kai ɗan wa na?" Da na faɗi sunan babana da unguwarmu sai ya ce ya taɓa auna masa gero. A zauren mai garin na kwana, aka kawo tuwon dawa da miyar kuka, keken yana jingine a waje ba kwaɗo ba sarƙa, ni kuma ina kwance da sadakin mutum a ƙuguna.

Kada mai karatu ya ce ina yabon jiya ne irin na tsofaffi. A lokacin ma akwai 'yan fashi a kan kwalta da dare, ana satar shanu, manomi da makiyayi suna faɗa a kan ɓarna da burtali har a zub da jini. Amma ba a ɗauki mutum da kansa a matsayin haja ba. Mai keke ba ya iya gudu, ba ya iya ɓuya, kowane gari sai ya tsaya neman ruwa, tafiyarsa gaba ɗaya a kan amanar mutanen hanya take.

Na kwana Bukkuyum wurin gwaggo, washegari na bi ta Nasarawar Burkullu na shiga Anka da la'asar. Kawu mutum ne mai son tarihi, daren nan bai bar ni na yi barci ba. Shi ya fara gaya mini cewa Anka ba nan ne mafarin sarautar Zamfara ba, daga Dutsi ta taso ta zauna Birnin Zamfara, har Gobirawa a zamanin Sarki Babari suka ci birnin wajen 1760 da 'yan kai, suka gina Alƙalawa. Zamfarawa suka yi ta ƙaura da sarautarsu daga wannan gari zuwa wancan, sai bayan jihadi ta samu wurin zama a Anka. Shi ya sa har yau ake cewa Sarkin Zamfaran Anka. A lokacin jihar Zamfara shekararta biyu kacal da kafuwa, tun 1 ga Oktoba 1996, kuma Kawu yana ganin sunan da ya daɗe a warwatse ne ya dawo gida.

Abin da ya fara kashe kasuwar keke shi ne babur. Tun kuɗin Udoji na tsakiyar shekarun 1970 ma'aikata suka koma Honda da Suzuki, amma ƙauye bai juya ba sai wajen 2000, da Jincheng mai arha ya shigo, Boxer ya biyo baya. Ban zargi kowa ba, wanda ya taɓa tura keke da marar lafiya a cikin yashi ya san darajar inji. Masu faci suka koma gyaran babur, kekuna suka koma hannun yara da masu tallan itace.

Sai zinari. Tun shekarun 1930 ake haƙarsa a ƙasar Anka, amma da farashinsa ya tashi sai mutane suka riƙa kwaso duwatsun zuwa cikin gida ana niƙawa a tsakar gida, ba a san akwai dalma a ciki ba. A 2010 aka farga, bayan yara fiye da 400 sun rasu a garuruwa irin su Dareta da Abare da Sunke da Bagega a Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum. Bagega ma sai 2013 aka kwashe mata gurɓatacciyar ƙasar. Ba a gama share hawayen wannan ba rikicin ɓarayin shanu da 'yan sa-kai ya rikiɗe ya zama abin da muke ciki. Babur ɗin da ya kori keke shi ya zama dokin 'yan bindiga, mutum biyu ko uku a kan kowane. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a jihar, aka rufe kasuwannin mako, aka taƙaita hawan babur. Daga 4 zuwa 6 ga Janairu 2022 aka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum, gwamnati ta ce mutum 58 aka kashe, mutanen yankin suka ce sun kai 200. Na tambayi labarin tungar da na kwana, aka ce mutanenta sun watse, wasu Anka wasu Gummi. Rugar kuwa ba wanda ya iya gaya mini inda ta nufa.

Da Baba ya rasu, a rabon gado ba wanda ya nemi keken, sai na ɗora shi a mota na taho da shi Gusau. Bayan an cire tallafin man fetur a 2023 na ga mutane suna ta fito da tsofaffin kekunansu, ni ma na kai shi aka sa masa sabbin tayoyi da kaca, sirdin kawai na hana a taɓa. Yanzu shi wannan yaron mai dariya ke zuwa makaranta da shi. Jiya ya ce mini, "Baba, in an yi hutu ka bar ni in bi hanyar nan taka mana, ko zuwa Mayanci ne." Uwarsa tana jin mu daga madafa, ba ta ce komai ba, amma na ji ta ajiye ludayi. Na ce masa iyakarsa gidan mai na bakin titi, kuma ya dawo kafin magariba.