Nama ko Ƙaho: Abin da Tarihin Farauta Ya Bar Mana a Ƙasar Bauchi

Garin nan da muke zaune a cikinsa sunan maharbi ya ci. Tarihin baka ya nuna cewa lokacin da Malam Yakubu ɗan Dadi, wanda ya karɓo tuta daga hannun Shehu Usmanu, yake neman inda zai kafa gari, wani maharbi mai suna Baushe ne ya nuna masa filin da ke yamma da dutsen Warinje. A 1809 aka kafa garin, sunan Baushe kuma ya zama Bauchi. Kakanninmu da suka biyo hanyar fatauci daga Kano da Katsina da Zazzau sun tarar da ƙasa mai duwatsu da duhun daji, sun tarar da Gerawa da Jarawa da Fulani, sun kuma tarar da maharba da ake jin maganarsu a fada. Wasu daga cikin namu ma baka da kwari ne suka kawo su.

To, me maharbi yake nema a dawa? Abu biyu ne tun fil'azal: abin da zai sa a tukunya, da abin da za a riƙa faɗa a kansa. Na farko shi ne nama. Na biyu shi ne suna, kuma suna yana son shaida: ƙahon gwanki, fatar damisa, wutsiyar ɓauna, hauren giwa. Masu cewa Bature ne ya koya mana son ƙaho ba su duba da kyau ba. Ai maharbinmu da warkinsa na fata yake fita, layunsa a ɗinke da fatar abin da ya kashe, ƙahon da yake busawa ma daga kan wata dabba ya fito. In an buga gangi ya tashi yana kirari, ba zomo yake lissafawa ba.

Sai dai a wancan zamani sunan yana ɗaure da naman. In aka kayar da gwanki ko ɓauna, babu firji, babu mota. Dole a feɗe a raba, a kai wa mai gari kasonsa, a ba wanda ya taya ɗauka, a aika wa maƙwabta, sauran a yanyana a shanya ko a ƙyafe. Fatar zaki ko ta damisa kuwa fada ake kai wa. Mutum ba ya yin suna a ɓoye, unguwa ce take ci ta shaida. Addini ma ya zo ya ƙara ɗaure abin. Duk wanda ya yi karatun Risala a zaure ya san hukuncin Malikiyya: farauta don wasa makaruhi ce, wadda ba ta wasa ba halal ce. Ga sharaɗin ambaton sunan Allah wajen sakin kibiya ko kare, ga wajabcin yanka in an riski dabbar da sauran rai. Duk waɗannan ƙa'idoji ne na wanda zai ci abin da ya harba.

Kayan aikin ma sun taimaka. Kibiya mai dafin ƙwanƙwani sai an matso kusa. Maharbi zai ɗaura kan burtu a goshi, ya yi ta rarrafe yana kwaikwayon tsuntsun har ya kusanci garke, wani lokaci yini guda a kan dabba ɗaya. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, balle kanki. Wahalar da kanta ita ce ta zama iyaka.

Abin da ya fara raba suna da nama shi ne kasuwar haure. A ƙarni na 19, fatake Hausawa suna kwaso hauren giwa daga Adamawa zuwa Kano don a tsallaka Sahara da shi, daga baya kuma zuwa bakin Binuwai don a sayar wa kamfanonin Turawa. Maharban giwa suna cusa sango mai dafi a bakin bindiga su harba, wasunsu har cikin ƙasar Kamaru suka bi giwa. Nan fa lissafi ya juye. Giwa tana da naman da zai ciyar da ƙauye, amma abin da ya kai maharbi nesa da gida haure biyu ne kawai. Mu jikokin fatake bai kamata mu tsallake wannan babi ba, domin ayarin da ya ɗauko haure irin ayarin kakanninmu ne.

A 1902 sojojin Ingila suka shigo Bauchi. Tare da su aka shigo da wata irin farauta wadda ƙaho ne gaba ɗayan manufarta. Tun 1892 wani mai sana'ar cusa fatun dabbobi a Landan, Rowland Ward, ya fara buga littafin da ake rubuta tsawon ƙahon kowace dabba da sunan wanda ya harbe ta da inda ya harbe ta. Jami'in mulki in ya fita rangadi da bindigarsa, abin da yake dubawa a garke shi ne namijin da ya fi tsawon ƙaho. Kan ya tafi Ingila a rataye a bango, naman a bar wa 'yan dako da mutanen ƙauye.

Su ne kuma suka kawo dokar takarda. An yi yarjejeniya a Landan a 1900 kan kare namun dajin Afirka, Najeriya ta samu dokarta a 1916, wadda ta kasa dabbobi aji-aji, wasu ba a taɓa su sam, wasu sai da lasisi. Wata yarjejeniyar ta 1933 ta yi hani da kewaye dabbobi da wuta, da dafi, da ramuka da raga. A gaskiya akwai hikima a ciki, musamman kare mace mai goyo da ƙananan da ba su girma ba. Amma ku duba yadda abin ya faɗo a ƙasa. Mai kuɗin lasisi da bindigar zamani, wanda ƙaho yake so, ya zama mai bin doka. Mai kibiya da dafi, wanda miyar gidansa yake nema, ya wayi gari kayan aikinsa sun zama laifi. Wannan ƙullin har yau bai gama warwarewa a zukatan maharba ba.

Yankari ta fito ne daga wannan tarihi. A 1956 gwamnatin Jihar Arewa ta amince a keɓe dajin, aka buɗe shi ga masu ziyara ranar 1 ga Disamba 1962. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244 a yankin Alkaleri, kogin Gaji ya ratsa tsakiyarsa, ga ruwan ɗumi na Wikki da yawancinmu muka sani tun yawon makaranta. A 1991 ya koma hannun gwamnatin tarayya, a 2006 ya dawo hannun Jihar Bauchi. A shekarar ce kuma aka buɗe Sumu a Ganjuwa da dabbobin da aka kawo daga Namibiya. Ku tsaya ku yi tunanin wannan: ƙasar da maharbi ya ba suna, sai da aka yi mata safarar raƙumin dawa daga kudancin Afirka.

Dalili kuwa a fili yake. Raƙumin dawa na asali ya ƙare a Yankari, haka kyarkeci da dari da mariya, har barewar da muke karin magana da ita. Kuma ba mai neman ƙaho kaɗai ya jawo haka ba. Da titi ya zo, da babur da fitilar goshi da tarkon waya, sai neman nama ya tashi daga na tukunya ya koma na buhu. Mai ƙyafe nama don kasuwa ba ruwansa da mace ko namiji, mai ciki ko mai goyo, tarkon waya kuwa ba ya tambaya. Mai neman haure yana zaɓen babba ya bar gawa ta ruɓe, mai neman kasuwa yana share garke. Kowannensu ya riƙe rabin abin da maharbin da yake nema, ya yar da rabin. An hana cinikin haure tsakanin ƙasashe a 1989, amma kisan giwa a Yankari bai tsaya ba. Sai bayan da ƙungiyar WCS ta shiga yarjejeniya da gwamnatin jiha a 2014 aka ƙarfafa sintiri abin ya lafa. Akwai ma'aikatan gandun da suka rasa rayukansu a hannun mafarauta, kuma su ma 'ya'yan wasu ne a ƙauyukan nan.

Ba mu kaɗai muka bi ta wannan hanya ba. A Amurka, wajen 1900, masu harbi don kasuwa sun kusa ƙarar da barewarsu mai farar wutsiya. A shekarar aka yi dokar Lacey da ta hana tsallaka jiha da naman da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba, jihohi suka hana sayar da naman daji, aka sa lokaci da adadi. Yau barewar ta dawo da miliyoyi. Masu son ƙaho ma ba a sake musu ba. A Alaska doka ta hana mutum ya fitar da ƙaho daga inda ya yi kisa kafin ya gama fitar da nama. A Kanada kuma, binciken da aka buga a 2003 kan ragunan dutse na Ram Mountain ya nuna cewa shekara talatin na zaɓen masu manyan ƙahoni ta sa ƙahon zuriyar ya ragu. Wato da takarda da bincike suka iso inda al'adarmu ta tsaya tun da: a ci abin da aka kashe, kada kuma a cinye iri.

Yanzu abin ya rage gare mu. Cikin unguwar nan akwai samarin da ke fita farauta da karnuka in rani ya yi, akwai masu sayen ƙyafaffen nama a bakin hanya ba tambaya, akwai masu neman fata da kitse don magani. Ba cewa muke a daina farauta ba. Zomo da gafiya da zabon daji a inda doka ta yarda ba su ne matsalar ba. Abin da muke roƙon Sarkin Baka da dattawan maharba shi ne su dawo da ƙa'idar a bakinsu, don yaro ya fi jin ta daga wurinsu fiye da daga bakin ma'aikacin gandu: ba a shiga Yankari da Sumu da Lame-Burra, ba a kafa tarkon waya, ba a taɓa mai ciki da mai goyo, ba a cinna wa daji wuta don a kori ɓera. Mu masu saye kuma mu riƙa tambaya naman mene ne, daga ina. In babu mai saye, buhun ba zai taso daga Alkaleri ba.

Suna kuwa bai ƙare ba, wurin samunsa ne ya sauya. Maharban da suka san sawu da iska su ne ake nema yau wajen sintirin gandu da bin sawun masu satar mutane. Yaron da ya iya bin sawun gwanki yini guda ya dawo ya ce ga inda garken yake, guda kaza ne, ya cancanci a buga masa gangi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, haka ne, amma sai an bar barewar ta haihu tukuna. Allah ya sa jikokinmu su ga gwanki da idonsu, ba a hoton littafin makaranta kaɗai ba.