Dambe a kan ƙanƙara: tarihin faɗa a wasan hoki na Arewacin Amurka

A yawancin wasannin ƙungiya da duniya ta sani, ɗan wasan da ya naushi abokin karawarsa ya gama wasa a ranar. A ƙwallon ƙafa jan kati ne, sau da yawa har da dakatarwa. Wasan hoki na kan ƙanƙara, yadda ƙwararru ke buga shi a Kanada da Amurka, ya saɓa wa wannan ƙa'ida. A can mutum biyu kan yar da sandunansu, su tuɓe safar hannu, su cakumi rigar juna su yi ta dambe, alƙalai na tsaye suna kallo har ɗaya ya faɗi ko duka biyun su gaji. Hukuncin shi ne zaman minti 5 a bencin horo, daga nan kowa ya koma fili. An fi shekara ɗari ana gardama a kan ko wannan al'ada ta cancanci zama cikin wasan.

Sai an san yanayin wasan za a gane tushen gardamar. Kowace ƙungiya tana sa mutum 6 a fili har da mai tsaron gida. Suna sulɓi a kan daskararren ruwa da takalma masu ƙarfe kamar bakin wuƙa, kowa riƙe da doguwar sanda yana kora wani ɗan faifan roba mai tauri zuwa ragar abokan hamayya. An kewaye filin da katanga, kuma doka ta yarda a bangaje mai riƙe da faifan har a matse shi da ita. Ga gudu, ga sanda a hannu, ga wuri ƙuntatacce: fushi ba ya wuyar tashi.

Wasan farko da aka shirya a cikin rufaffen gini an yi shi ne a Montreal ran 3 ga Maris 1875, kuma da hatsaniya ya ƙare, tsakanin ƴan wasan da wasu masu sulɓi da ke son a ba su filin. A farkon ƙarni na 20 sanda ta fi dunƙulallen hannu yin ɓarna. A shekara ta 1905 Alcide Laurin ya mutu bayan da Allan Loney ya buge shi da sanda a kai, a 1907 kuma Owen McCourt ya rasu ta irin wannan hanya. An kai maganganun biyu kotu, kuma an sallami waɗanda aka tuhuma.

An kafa gasar ƙwararru ta NHL a Montreal a 1917. A 1922 shugabanninta suka shigar da faɗa cikin littafin dokoki, suka yanka masa horon minti 5 maimakon kora. Wannan mataki shi ne mafarin duk abin da ya biyo baya, domin ya mai da dambe laifi mai farashi sananne, wanda ƙungiya ke iya lissafawa ta biya. Masu filaye kuwa sun lura da wuri cewa ƴan kallo na miƙewa tsaye da zarar an tuɓe safar hannu.

Dokar ba ta kawar da munanan raunuka ba. A watan Disamba 1933, a Boston, Eddie Shore ya bangaje Ace Bailey na Toronto ta baya, kansa ya bugi ƙanƙara ya tsage. Ya rayu, amma bai sake buga wasa ba. A watan Maris 1955 kuma Maurice Richard, gwarzon masu jin Faransanci na lardin Kebek, ya far wa Hal Laycoe da sanda, sannan ya naushi mataimakin alƙali da ya riƙe shi. Shugaban gasar, Clarence Campbell, ya dakatar da shi har ƙarshen kakar, har da wasannin neman kofi. Ran 17 ga Maris tarzoma ta ɓarke a Montreal, aka fasa kantuna, aka kama mutane da dama. Jama'ar Kebek sun ɗauki hukuncin a matsayin danniyar masu jin Ingilishi, kuma masana tarihi da yawa na lissafa wannan dare cikin abubuwan da suka farkar da kishin lardin.

Daga shekarun 1960 faɗa ya zama sana'a mai zaman kanta. Ƙungiyoyi suka fara ɗaukar ɗan wasa wanda babban aikinsa shi ne tsaron taurari, wato dogarin ƙungiya. Montreal ta ɗauko John Ferguson a 1963 don ya kare Jean Béliveau. Da aka ninka yawan ƙungiyoyi daga 6 zuwa 12 a 1967, gwanaye ba su wadaci kowa ba, sai wasu sababbin ƙungiyoyi suka nemi cike giɓin da ban tsoro. Flyers ta Filadelfiya ce ta kai wannan dabara ƙololuwa: ta ci Kofin Stanley a 1974 da 1975, kuma dogarinta Dave Schultz ya tara minti 472 na horo a kaka guda, adadin da har yau ba wanda ya kai. A watan Janairu 1976 ƙungiyar sojojin Tarayyar Sobiyet ta fice daga fili a Filadelfiya saboda bugun da aka yi wa Valeri Kharlamov, ta dawo daga baya, aka cinye ta 4 da 1. Amma a wannan shekarar ce Montreal, mai dogaro da sauri da gwaninta, ta lallasa Flyers a wasa huɗu a jere ta karɓe kofin.

Masu goyon bayan faɗa suna kafa hujja da wata ƙa'ida da ba a rubuce take ba. A ganinsu alƙali ba ya ganin komai, kuma mai niyyar cutar da gwani da sanda ko gwiwar hannu zai yi tunani sau biyu in ya san akwai wanda zai tare shi. Sukan kawo misalin Wayne Gretzky, wanda ya kafa tarihin cin raga a Edmonton ƙarƙashin kariyar Dave Semenko, kuma da aka sayar da shi ga Los Angeles a 1988 aka haɗa da dogarinsa Marty McSorley. Ƙa'idar ta hana naushin wanda ya faɗi, ta kuma hana ƙato neman ƙarami. A wata ƙuri'ar jin ra'ayi ta 2011, kashi 98 cikin ɗari na ƴan wasan NHL sun ƙi a haramta faɗa.

Masu suka na amsawa da cewa ƙa'idar da kanta ta sha haifar da abin da ake cewa tana hanawa. A shekara ta 2000 McSorley ya bi Donald Brashear yana neman faɗa, da bai samu ba ya buge shi da sanda a kai. Kotun Vancouver ta same shi da laifin duka da makami. A watan Maris 2004 Todd Bertuzzi ya naushi Steve Moore ta baya don ramuwar wani bugu da Moore ya yi wa kyaftin ɗinsu makonni kafin nan. Moore ya karye a ƙashin wuya wuri uku, wasansa ya ƙare ke nan. Sun kuma nuna cewa a gasar Olimfik, da gasannin duniya, da na jami'o'in Amurka, korar mai faɗa ake yi, kuma ba a ga wasan ya lalace ba. Ko a NHL faɗa raguwa yake yi a wasannin neman kofi, lokacin da kowane kuskure ke da tsada.

Hukumar gasar ta bi hanyar ragewa sannu a hankali. A 1971 ta fara korar mutum na uku da ya shiga faɗan mutum biyu. A 1987 ta yanka dakatarwar wasa 10 ga wanda ya baro benci don shiga rigima. A 1992 ta tsananta horon wanda ya tsokano faɗa.

Abin da ya sauya gardamar daga tushe shi ne binciken ƙwaƙwalwa. A watan Janairu 2009 Don Sanderson, ɗan shekara 21 da ke buga wa wata ƙungiyar da ba ta ƙwararru ba a Ontario, ya rasu bayan hularsa ta cire a faɗa kansa ya bugi ƙanƙara. A 2011, cikin wata huɗu, dogarai uku suka mutu: Derek Boogaard mai shekara 28, Rick Rypien mai 27 da Wade Belak mai 35. Boogaard ya mutu ne ta haɗa barasa da maganin kashe zafi mai ƙarfi, wanda ya kamu da jarabarsa wajen jinyar raunuka. Likitocin Jami'ar Boston sun gano a ƙwaƙwalwarsa cutar da ake kira CTE, lalacewar da ake dangantawa da yawan bugu a kai, mai tafiya da mantuwa da sauyin hali. Sun same ta kuma a ƙwaƙwalwar Bob Probert, shahararren dogarin Detroit da ya rasu a 2010. Tsofaffin dogarai suka fara faɗin abin da ƴan kallo ba su sani ba: rashin barci a daren jajibirin wasa, da fargabar haɗuwa da ƙato irinsu.

Shugabannin NHL sun daɗe suna cewa ba a tabbatar da alaƙar wasan da wannan cuta ba. A 2018 sun sasanta da tsofaffin ƴan wasa wajen 300 a kan kuɗin da ya kusa dala miliyon 19, ba tare da amsa laifi ba. Wani binciken Jami'ar Boston na 2024 ya sami cutar a ƙwaƙwalwa 18 cikin 19 na tsofaffin ƴan NHL da aka duba, ya kuma nuna haɗarin na ƙaruwa da yawan shekarun wasa. Iyalai ne suka ba da waɗannan ƙwaƙwalen, yawanci don sun ga alamun ciwo, saboda haka adadin ba ya wakiltar dukan ƴan wasa. Amma ya nuna cewa bangaza ta yau da kullum ma tana da nata kason, ba dambe kaɗai ba.

Kafin doka ta kai ga dogari, lissafi ya riga ya kai gare shi. Tun da aka sa wa albashin ƙungiyoyi iyaka a 2005, wasan kuma ya ƙara sauri, ajiye mutumin da ba ya cin raga ya zama asara. A ƙarshen shekarun 1980 akan yi faɗa fiye da ɗaya a kowane wasa. A kakar 2018 zuwa 2019 bai kai ɗaya a wasa biyar ba. A 2023 gasar matasa ta Kebek, bayan matsin lambar gwamnatin lardin, ta haramta faɗa ta mai da hukuncinsa kora nan take.

Duk da haka al'adar ba ta mutu ba. Ran 15 ga Fabrairu 2025, a Montreal, Amurka da Kanada suka kara a lokacin da dangantakar ƙasashen biyu ta yi tsami kan harajin kaya; aka yi faɗa uku cikin daƙiƙa 9 na farkon wasa, ƴan kallo na ta sowa. Tarihin ya nuna cewa hujjar kariya tana da ƙamshin gaskiya a zamanin da alƙali ba shi da abin dogaro sai idonsa, amma ta raunana yanzu da ake iya sake kallon kowane bugu a hukunta mai shi washegari. Abin da ya rage mata shi ne sha'awar ƴan kallo da alfaharin ƴan wasa, kuma a kan waɗannan biyu ne dokar minti 5 ta 1922 ke tsaye a NHL, alhali lardin da aka haifi wasan ya riga ya janye ta daga kan matasansa.